Hayaniyar da ke cikin faifai

A damina ta bara na je Damagaram da naɗaɗɗiyar na'urata, na zauna a zauren wani dattijo majemi, ƙanen kakata, domin in tattara kalmomin jima da zan gina kundin digirina na biyu a kansu. Mun yi kusan sa'a guda muna magana. Da na komo Yamai na zauna rubuta abin da na ɗauko, sai na ga hirar cike take da abin da a lokacin na kira shara: sakan turmi daga cikin gida, carar zakara, wani abokinsa da ke ta cewa "haka ne", da matarsa da ke jefo baki daga bayan labule. Na tsince maganar dattijon kaɗai, na jera ta jimla bayan jimla, na yar da sauran. Wata uku bayan haka Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan sadakar arba'in, wani malaminmu ya gayyace mu gidansa mu uku domin duba aikinmu. Yana da garmaho, kuma ya sayo wani faifai a tafiyar da ya yi waje. Da muka gama, ya ɗora allura ya ce mu saurara. Sunan faifan Sunday at the Village Vanguard. An ɗauke shi ranar Lahadi 25 ga Yunin 1961, a wani gidan kiɗan jaz da ke ƙarƙashin ƙasa a birnin Niyok na Amurka, wanda Max Gordon ya buɗe a 1935. Makaɗan uku ne: Bill Evans a kan fiyano, Scott LaFaro a kan kwantarbas, wato babban gogen nan da ake tsayar da shi a ƙasa ana tsinkar tsirkiyarsa da yatsu, sai Paul Motian a kan ganguna. Kamfanin Riverside ne ya fitar da shi a wannan shekarar, kuma wanda ke hannun malam sabon bugu ne na 2023 daga kamfanin Craft Recordings.

Kunnena bai saba da jaz ba, saboda haka abin da na fara ji shi ne mutane. Kofuna suna haɗuwa, ana hira ƙasa-ƙasa, wani wuri har da dariya, tafin ma kaɗan ne, kamar ɗakin bai cika ba. Na ce, "Malam, da duk kuɗin da aka kashe wajen sake buga wannan faifai, me ya hana a goge surutun?" Ya ce in bar masu shan shayinsu tukuna, in bi mai kwantarbas da kunne.

A yawancin ƙungiyoyin mutum uku na wancan zamani, mai fiyano ne jagora, sauran biyun suna riƙe masa taki, kusan yadda ƴan amshi ke yi wa mawaƙi a wajenmu. LaFaro bai tsaya a matsayin ɗan amshi ba. Evans zai fara zance, kafin ya dire sai LaFaro ya shigo, wani lokaci ya ƙarasa masa, wani lokaci ya kawo nasa daban, Motian kuma yana shafa ganga da tsintsiyar waya, yana ba su wuri. Nan take na tuna maƙalar Sacks da Schegloff da Jefferson ta 1974 a mujallar Language, wadda muka karanta a aji game da yadda masu hira ke karɓar magana daga bakin juna. Na haddace ta don jarrabawa, amma a wannan ɗakin ne na fara jin abin da take nufi da kunnena. In aka cire LaFaro, rabin abin da Evans ke faɗa zai zama amsa ga tambayar da babu ita.

Sai malam ya gaya mana cewa kwana goma sha ɗaya bayan wannan Lahadin, ranar 6 ga Yuli, LaFaro ya rasu a haɗarin mota yana da shekara 25. Evans ya yi watanni bai hau dandali ba. Faifan ya buɗe da "Gloria's Step" ya rufe da "Jade Visions", dukansu LaFaro ne ya tsara su. Mutanen da ke hira a kan teburansu ba su san wannan ne karo na ƙarshe da za a ɗauki ukun tare ba. Ni ma ban san haka ba ranar da na zauna a zauren Damagaram.

A daren na koma kan ainihin sautin da na ɗauko, na aza shi gefen rubutuna. A wani wuri na rubuta cewa dattijon ya ce ana rina fata da karan dafi. Da na saurara, ashe ya tsaya ne yana laluben kalmar, matarsa ta faɗe ta daga bayan labule, shi kuwa ya ce "yauwa". A wani wurin ya ambaci bagaruwa kafin toka, abokinsa ya yi gyaran murya, sai ya koma ya gyara jerin. Ni kuma na rubuta gyararren kawai, kamar haka ya fito tun farko. Wato na sa masa kalmar da ba daga bakinsa ta fito ba, na kuma shafe shaidar cewa matar gida ta san sana'ar nan sarai, abin da ya shafi tambayar kundina kai tsaye.

Ba na cewa mai bincike kada ya zaɓa. Shi kansa faifan zaɓe ne. Sau biyar suka hau dandali a ranar, biyu da rana uku da dare, aka tsamo abin da ya cika wannan faifai da ɗan'uwansa Waltz for Debby na 1962. A karon farko da suka kaɗa "Gloria's Step" ma wuta ta ɗauke wa na'ura a tsakiya, ba a saki wannan ba sai bayan shekaru masu yawa, lokacin da aka fitar da ɗaukar ranar gaba ɗaya. Amma an adana asalin, shi ya sa masu zuwa daga baya suka iya komawa kansa. Laifina shi ne na tsince ban faɗi abin da na tsince ba, kuma saura kaɗan in goge asalin don wayata ta cika.

Na sake rubuta hirar tun daga farko, kowane mai magana da layinsa, da alamar inda murya ta hau kan murya da inda aka yi shiru. Shafi tara ya koma ashirin da biyu. Da hutu ya zo na koma Damagaram, na yi wa tsohuwar gaisuwa, na roƙi izinin in sa maganarta cikin kundin, na kuma kunna mata hirar. Da aka zo wurin karan dafi ta yi dariya, ta share ido da gefen zane, ta ce in mayar baya ta sake ji.