Bolar Bakin Layinmu da Sanyin Jos

Duk wanda bai taɓa kwana a Jos cikin watan Disamba ba, idan ya ce ya san sanyi, to labari kawai ya ji. Garin yana bisa tudu ne mai kimanin mita 1,200 sama da teku, saboda haka idan iskar hunturu ta taso ba ta yi mana da wasa. Ruwan randa sai ya koma kamar daga firji aka ciro shi, alwalar asuba ta zama jarrabawa, leɓe ya tsage, diddige ta yi faso, 'yan gwanjo kuwa kakarsu ta yanke saƙa. Amma ba sanyin ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Wata bola ce da ke bakin layinmu, wadda ta koya mini abin da ban koya a aji ba game da ƙaramar hukuma.

Da damina bolar nan wari take yi, ruwa kuma ya kwashe rabinta ya cusa a kwata. Da hunturu sai ta bushe ƙayau, iska ta riƙa yawo da ledojinta gida-gida. Idan dare ya raba, almajirai da 'yan baro da 'yan ga-ruwa masu kwana a bakin shaguna sukan cinna mata wuta, su kewaye ta suna jin ɗumi. Hayaƙin leda da tsohuwar taya kuwa ba ya neman izini kafin ya shiga ɗaki. Ƙanwata tana fama da asma, kuma wani dare a Disambar 2023 numfashinta ya sarƙe, sai da muka tashi maƙwabci ya kai mu asibiti da motarsa wajen ƙarfe biyu. A makon nan dai tartsatsi ya kama zanan rumfar mai shayi. Famfo ba ruwa, da jarkokin 'yan ga-ruwa aka kashe wutar. Mutumin Jos ba ya raina gobara, domin manyanmu har gobe suna ba da labarin wadda ta cinye Babbar Kasuwar Taminus a Fabrairun 2002.

Washegari aka taru a zauren mai unguwa. Tambaya ɗaya ce ta hana ruwa gudu: aikin wane ne kwashe bolar? Wasu suka ce na gwamna, wasu suka ce na kansila. Mai shayi ya zaro damin rasit daga aljihu, ya ce shi dai ya san masu karɓa, bai san masu kwashewa ba. Can sai mai unguwa ya dube ni ya ce, "Kai ɗana, ba jami'a kake ba? Je ka bincika mana." Na ce, "To, ranka ya daɗe," alhali ni kaina ban san ta inda zan fara ba.

Ashe amsar tana nan a rubuce, a Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999, inda aka zayyana ayyukan ƙananan hukumomi. Kwana biyu na yi ina juya shi zuwa Hausa, kuma a nan na gane darasin fassara ba wasa ba ne, domin kalma guda ta Turancin lauyoyi takan ci jimla sukutum kafin tsoho ya gyaɗa kai. Na karanta musu: kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta, gina bahaya ta jama'a, kwashe shara, gyaran tituna na cikin unguwa da magudanan ruwa da fitilun kan hanya, raɗa wa tituna suna da ba gidaje lamba, har da lasisin keke da baro da amalanke. Zaure ya yi tsit. Wani dattijo ya ce shekara sittin yana garin nan, a zatonsa ƙaramar hukuma ta haraji ce da zaɓe kawai.

Ban ga laifinsa ba da muka je sakatariya da takardarmu. Allon sanarwa yana nan a bakin ƙofa, ƙura ta lulluɓe shi, kuma duk abin da aka liƙa, daga ranar rigakafi zuwa kiran taron kasafin kuɗi, da Turanci yake. Wannan fa a garin da Birom da Anaguta da Afizere da Ibo da Bayarabe da Bahaushe suke ciniki da Hausa a kasuwa. Labarin gwamnatin tarayya yana iske mu har kan tabarma ta rediyo, labarin Amurka ma haka, amma na hukumar da ta fi kowace kusa da mu sai ka hau mota ka je ka share ƙura kafin ka karanta shi. Mu ɗaliban harshe ya kamata abin ya fi damu, don aikin da muke neman takardar shaida a kansa ne yake zaune ba mai yi.

Jami'in da ya karɓe mu mutumin kirki ne. Ya ce, "Samari, gaskiya kuka karanta, amma a manyan birane jihohi sun kafa nasu hukumomin tsafta, motocin suna can." Ya ƙara da cewa kason ƙananan hukumomi ma ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake biyowa. Muka tafi inda ya tura mu, aka ce lungu irin namu ba nasu ba ne. Mako uku muna safa da marwa. Tsakiyar Janairu sai ga tifa da ma'aikata da cebur, kafin la'asar wuri ya koma fili fetal. Mutum uku ne daga baya kowa ya ce shi ya turo ta, mu kuwa duk muka yi musu godiya.

Daren nan ƙanwata ta yi barci har da minshari. Da asuba na fito za ni masallaci, ina ta jin kaina wani gwarzo, sai na hangi yaran nan a daidai inda bolar take a da. Sun tsuguna sun cusa gwiwoyi cikin riguna, sun manne da juna, ba wuta. Ƙaraminsu bai fi shekara takwas ba, haƙoransa suna kaɗawa har ina ji. Nan take na tuna wani layi da na karanta da sauri a zaure: a jadawalin nan, tare da maƙabartu, an ɗora wa ƙaramar hukuma samar da gidajen marasa galihu da gajiyayyu. Ba wanda ya tsayar da ni a kansa, ni ma ban sa shi a takardarmu ba. Hayaƙin da ya dame mu muka kai ƙara, sanyin da ya haifar da shi muka bar wa masu shi. Mai shayi ne ya fara tura musu ragowar garwashinsa a kasko idan zai tashi, liman kuma ya bar barandar masallaci a buɗe.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye. A teburin mai shayi muka ji labarin. Ya rage muryar rediyo ya ce da ni, "Malam, a cikin kuɗin nan nawa ne na bola?" Aka yi dariya, ni ban samu amsar ba shi ba.

Kafin Disambar shekarar bolar ta dawo, don ba a ajiye mana mazubi ba, wutar dare ma ta dawo. Na toshe ƙasan tagar ƙanwata da tsumma, na lalubo kwafen tsohuwar takardar, na ƙara mata sakin layi biyu: ɗaya a kan mazubin shara, ɗaya a kan makwancin yaran. Wannan karon Hausa na sa a shafin farko, Turanci a na biyu, sannan na kai wa mai unguwa ya buga hatimi.