Aji a Tsakar Gida

Tsoro ne ya mayar da tsakar gidanmu aji. Tun daga watan Yulin 2021, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 100 daga makarantar Bethel Baptist da ke Damishi, a ƙaramar hukumar Chikun, na daina iya sallamar yaro da safe hankalina a kwance. Ni da maigidana muka yi shawara muka riƙe 'ya'yanmu uku a gida. Da yake na taɓa riƙe alli, sai nauyin ya faɗo kaina.

Littattafan farko da wata 'yar'uwa a ikilisiya ta ara mini daga Amurka aka zo da su, inda koyarwa a gida ta daɗe da kafuwa tsakanin Kirista. Takarda mai sheƙi, tsari mai kyau, ba ni da abin kushewa. Sai dai lissafinsu da dala ake yi, hotunansu kuwa ƙanƙara ce ta rufe rufin gidaje. Autana ya tambaye ni ko gishiri ne aka zuba.

Na ajiye su, na ɗauko abin da kakata ta koyi karatu da shi, wato Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda Dokta Miller da abokan aikinsa suka fassara, aka buga shi a 1932. Mutanen zamaninta da yawa ba su taɓa zama a benci ba, a cikinsa suka fara haɗa baƙi da wasali. Littafin Karin Magana sura 31 ne, saboda haka kowace ranar wata tana da tata. Mukan karanta bayan addu'ar safe, babbar ta kwafe aya biyu don gyaran rubutu, na tsakiya ya faɗi ma'anar da bakinsa, wani lokaci har ya kawo karin maganar Hausa da ta yi daidai da ita. Da yamma sai Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda suke rige-rigen ɗauka saboda aku. Lissafi kuwa a mudu da tiya muka fara shi, ranar da ake auna masara. Turanci da kimiyya na bi manhajar gwamnati sau da ƙafa, domin jarrabawar shiga sakandare ba ruwanta da dalilin da ya hana yaro zuwa aji.

Abin da ya fi damuna ba ya cikin kowane littafi. Yaron da aka tsare a gida saboda tsoro yakan ɗauka duk wanda ke bayan katanga abin gudu ne, a garin da addini ya riga ya raba unguwanni kuwa wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Ni a aji ɗaya na zauna da 'ya'yan Musulmi, na ci tuwon sallarsu, suka ci shinkafar Kirsimetinmu. Ban ga yadda zan koyar da ƙaunar maƙwabci ga yaran da ba su san sunan maƙwabcinsu ba.

Shi ya sa na je na yi sallama a gidan da ke jikin namu. Matar gidan, malamar lissafi ce da ta yi ritaya, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Maman yara, ai da kin zo tun tuni." Yanzu ranar Talata da Alhamis nawa sukan tsallaka wurinta, jikokinta biyu kuma su zo wurina Turanci. Idan aka kira la'asar sukan tafi, nawa su jira su a ƙofa da ƙwallo.