Kwana Uku A Vernazza

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili in ba 'yan'uwa labarin Vernazza, wani ƙauyen Italiya a bakin teku, inda na yi hutun kwana uku.

Gidajensu a jikin dutse suke, wani bisa wani, kullum hawa da sauka. Abin da ya fi ba ni mamaki gonakin inabinsu. Kakanninsu suka jera duwatsu hawa-hawa, ba laka ba siminti, don su tare ƙasa. To, yanzu samari sun koma hidimar baƙi, katangun nan suna ta zubewa. A shekarar 2011 ruwa ya kwaso taɓo daga tudu ya binne babban titinsu. Mu baƙi kuwa hoto muka ɗauka, muka hau jirgin ƙasa.

Naka,
Mai karatun jaridarka.