Shekarun Ɗan Ƙwallo

Zakirai gari ne a gabas maso arewa da birnin Kano, bisa hanyar Ringim, nan ne kuma mazaunin ƙaramar hukumar Gabasawa. Ƙasar wurin ƙasar noma ce, gona na jikin gona, ƙauye na hangen ƙauye, har da wuya mutum ya sami fegin da ba mai shi. Da damina yara ba su da wurin wasa sai filin makaranta. Amma da an kawar da gero, an yanke dawa, sai kowace gona ta zama fili. A kafa kara biyu nan, a kafa biyu can, shi ke nan raga ta samu, a yi ta tamaula har magariba ta raba.

A wani ƙauye kusa da garin akwai wani manomi wanda bai yi boko yana yaro ba. Sai da ya yi aure sa'an nan ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ya yi ta fama da baƙaƙe da dare bayan ya taso daga gona, har Allah ya buɗe masa. Abu na farko da ya yi da iliminsa shi ne ya sayi littafin rubutu. A ciki ya kan rubuta buhunan gyadar da ya samu, da bashin da a ke binsa, da wanda ya ke bi. Shafin ƙarshe kuwa ya keɓe shi don 'ya'yansa. Duk wanda aka haifa, tun kafin ranar suna ya rubuta rana da wata da shekara, na Musulunci da na boko duka.

Ɗansa na fari, wanda ba ya kiran sunansa sabo da kunya, tun yana ƙarami ƙafarsa ke son ƙwallo. Ran Jumma'a, 8 ga Nuwamba 2013, yaron yana da shekara goma, ya bi yayyensa na unguwa zuwa gidan kallo a cikin Zakirai. A daren nan ne samarin Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 17 suka kara da Meziko a Abu Dabi, suka ci uku da nema. Ƙwallo na uku kuwa kyaftin ɗinsu ne ya jefa da bugun tazara, watau Musa Muhammed, haifaffen Kano, mai horar da su kuma Manu Garba ne, mutumin Gombe. Yaron ya ga Bahaushe kamarsa ya ɗaga kofin duniya. Ya komo gida bai iya barci ba.

To, wannan kofi yana da tarihi, ya kamata mai karatu ya san shi. Hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta fara shirya gasar yara a ƙasar Sin cikin 1985, a lokacin kuwa ta 'yan ƙasa da shekara 16 ce. Nijeriya ce ta fara ɗauka, ta ci Jamus ta Yamma biyu da nema. Ta sake ɗauka a Japan cikin 1993, da Koriya ta Kudu cikin 2007, da Daular Larabawa cikin 2013, da Chile cikin 2015. Sau biyar ke nan, har zuwa 2025 kuwa ba ƙasar da ta kai haka. Kano ma ba baƙuwar wannan gasa ba ce, gama da aka yi ta a Nijeriya cikin 2009, an buga waɗansu wasannin a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata.

Amma ba don kofin kaɗai a ke tara yaran nan ba. Manomi in ya zo girbi, ya kan ware zangarniyar da ta fi cika ya ajiye ta dabam. Ba don tuwon bana ya ke ware ta ba, iri ne na baɗi. Haka ƙungiyar yara ta ke ga ƙasa. Nwankwo Kanu yana cikin yaran 1993, bayan shekara uku ya jagoranci Nijeriya ta ci zinari a gasar Olamfik a Amurka, aka kuma zaɓe shi gwarzon Afirka sau biyu, 1996 da 1999. Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10 a Chile cikin 2015, ya zama gwarzon Afirka cikin 2023. Irin da aka ware da gaskiya ke nan ya ba da amfani.

Yadda a ke zaɓen kuwa hawa hawa ne. Masu ido su kan bi wasannin makarantu, da ƙananan ƙungiyoyin unguwa, da makarantun koyon ƙwallo, da gasa irin ta Kofin Ramat da a kan yi a Kano don tunawa da Janar Murtala Muhammed, inda jihohi ke aiko da yaransu. Wanda ya yi fice sai a kira shi sansani. Can mai horarwa zai duba yadda ya ke tare ƙwallo, da yadda ya ke miƙa ta, da saurinsa, da numfashinsa, da ko yana ɗaga kai ya ga 'yan'uwansa ko shi kaɗai ya ke wasa. A yi ta ragewa mako bayan mako, har a tsaya kan 21 waɗanda za a tafi da su gasar duniya. Amma akwai ƙofa guda wadda gwaninta ba ta buɗe ta, ita ce ƙofar shekaru. A kan sa rana, 1 ga Janairu ta shekara kaza. Duk wanda aka haifa kafin wannan rana, ko da kwana ɗaya ne, ba shi ciki.

Yaron manomin nan ya girma, ƙafarsa ta ƙara kyau. Wani malamin firamare ya lura da shi, ya riƙa sa shi cikin wasannin ƙauyuka. Amma Zakirai ba Kano ba ce, masu ido ba su faye biyowa ta nan ba. Shekara ta bi shekara, yana noma da damina, yana ƙwallo da rani, har ya cika shekara 18 ba wanda ya gan shi sai mutanen ƙasarsu.

Ran nan da rani, bayan wani wasa, sai ga wani baƙo da mota ya tambayi gidansu. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo ruwa. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, Allah ya ba ka dukiya ba ka sani ba. Yaron nan in na kai shi, ba a jima ba za ka gan shi sanye da rigar ƙasa. Shekarunsa nawa?"

Manomi ya shiga gida ya ɗauko littafinsa, ya buɗe shafin ƙarshe ya nuna masa. Baƙo ya duba ya yi dariya ya ce, "Wannan ai ba kome ba ne, Baba. Wa ya san da wannan littafi in ba kai ba? Takardar rantsuwa kawai za a yi, a ce shekarunsa 15. Ga shi ɗan siriri, ba gemu. Kai dai ka nemo kuɗin hanya da na takardu." Kuɗin da ya ambata kuwa, ba yadda za a same su sai an jinginar da gona.

Yaron yana tsugune bakin ƙofa, zuciyarsa na bugawa. Da baƙo ya tafi kan zai komo jibi, sai ya matso ya ce, "Baba, don Allah ka yarda. An ce kowa haka ya ke yi. In na wuce wannan, ba wata kuma."

Uban bai amsa ba. Da gari ya waye ya saɓa littafinsa ya tafi wurin malamin makaranta, ya kwashe labari ya gaya masa, ya ce, "Malam, kai ka fi ni sanin abin nan. Rantsuwa kan ƙarya dai na san hukuncinta. Amma gaya mini, in an yi, tana ma ɓoyuwa?"

Malam ya ce da can ta kan ɓoyu, ko da ya ke ba kullum ba. Ya ba shi labarin 1989, sa'ad da FIFA ta ga ranakun haihuwar waɗansu 'yan wasan Nijeriya sun saɓa da waɗanda aka bayar a baya, ta hana ƙasar shiga gasar matasa har shekara biyu, ta kuma karɓe gasar 1991 da aka shirya za a yi a nan. Sa'an nan ya gaya masa cewa tun 2009 an shigo da wata na'ura ta asibiti, ana ce da ita MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki. Abin da ta ke dubawa shi ne wuyan hannu. A ƙarshen ƙashin hannun yaro akwai wani ɗan guringuntsi, ta nan ƙashi ke ƙara tsawo. Yaro na girma wurin na rufewa, har ya haɗe sarai ya zama ƙashi ɗaya. Likitoci sun kasa wannan rufewa mataki shida. Wanda aka ga nasa ya kai na shida, sai a ɗauka ya wuce 17, a sallame shi.

Malam ya ci gaba ya ce, a watan Agusta 2016, ana gab da wasa da Nijar, aka gwada yaran da ke sansani, 26 suka faɗi. Aka shiga wasa da sauran da suka rage, aka ci ɗaya da nema a Abuja, aka je Yamai aka sha uku da ɗaya. Ƙasar da ke riƙe da kofin duniya ta kasa ko zuwa gasar Afirka. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Manomi ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, in na'urar ta yi kuskure fa?" Malam ya ce ta kan yi, gama ba duka yara ke girma daidai ba, akwai wanda ƙashinsa ke rufewa da wuri alhali shekarunsa na gaskiya ne. Irin wannan yaro ya kan cutu ba laifinsa. Dalilin da ya sa aka koma ga ƙashi kuwa shi ne an daina amincewa da takarda, abin da ya sa aka daina amincewa da takarda kuma shi ne yawan masu rantsuwa irin wadda baƙon nan ke so a yi. Da kowane uba yana kai jaririnsa a yi masa rajista wurin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tun yana cikin zanen goyo, da takarda ta isa shaida.

Akwai kuma wata ɓarna wadda na'ura ba ta gani. Saurayi ɗan shekara 20 in ya shiga cikin 'yan 15, dole ya fi su ƙarfi da gudu, sai a yi ta yi masa tafi. Amma ba abin da ya ke koyo, gama ba wanda ke matsa masa. Ranar da aka kai shi cikin manya sa'o'insa, sai a ga ashe ya riga ya gama girma, ba sauran abin da zai ƙaru. Yaron gaskiya kuwa, wanda ya kamata a ce shi aka ɗauka aka rena, an bar shi a gida, ya rasa gurbinsa. Mutum biyu aka cuta, ƙasa ta zama ta uku.

Da jibi ta yi, baƙo ya komo. Manomi ya tarye shi da fara'a, ya ce, "Alhaji, na gode da ka ga yaron nan da idon rahama. Amma rubutun nan da hannuna na yi shi, ran da aka haife shi, ina cikin farin ciki. Ban koyi rubutu don in zo in ƙaryata kaina ba. Gonar kuma ta ubana ce, ga ƙannensa suna ci a ciki. In akwai inda a ke ɗaukar ɗan shekara 18 a kan shekarunsa, ga shi nan, na ba ka." Baƙo ya ce zai duba, ya shiga motarsa. Ba a sake ganinsa ba.

Ba za a ce abin ya yi wa yaron daɗi ba. Ya yi wata guda ba ya cin abinci sosai, gaisuwa kaɗai ke haɗa shi da ubansa. Uban ma ya kan kwana yana juyi, yana tunanin ko ya toshe wa ɗansa arziki. Ba wanda zai iya cewa ga abin da zai faru da an yarda. Watakila da an kama shi a asibiti ya komo da kunya, gona kuma ta tafi. Watakila kuma da ya tsallake. Manomin dai ya zaɓi abin da zai iya tsayawa a kansa gaban Allah da gaban mutane.

Malam ne ya lallashi saurayin. Ya tuna masa ƙungiyar yara ba ita kaɗai ce hanya ba. Ahmed Musa ta Kano Pillars ya fito, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, daga nan ya wuce Turai, har ya ci wa Nijeriya ƙwallo biyu a gasar duniya ta manya cikin 2014, ya ƙara biyu cikin 2018. Saurayin ya koma fili. Yanzu yana buga wa wata ƙaramar ƙungiya, yana kuma koyon walda, don ƙafa ba ta daɗewa kamar hannu.

Da la'asar kuwa shi da malam su kan tara ƙananan yara a filin makaranta, 'yan shekara goma zuwa sha uku, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Suna koya musu tare ƙwallo da ƙafa biyu, da miƙa wa ɗan'uwa, da bin umurnin alƙalin wasa. Suna hana su ƙwaya, suna gaya wa iyaye su ƙosar da su da abin da gona ta bayar, wake da gyada da nono, su kuma bar su su yi barci da wuri. Sharaɗin shiga biyu ne. Na ɗaya, yaro ya kasance yana zuwa makaranta, domin cikin dubbai 21 kaɗai a ke ɗauka, sauran kuwa dole su ci abinci da wani abu. Na biyu, ya zo da takardar haihuwarsa ta gaskiya, malam ya kwafe ranar cikin rajista.

Cikin yaran nan har da autan manomin. Ran da za a rubuta shi, uban da kansa ya rako shi, takardar hukuma a hannu ɗaya, tsohon littafinsa a ɗaya hannun. Malam ya gwada ranakun biyu, ya ga sun yi daidai, ya rubuta. Ko masu ido za su biyo ta Zakirai kafin yaron ya wuce 17, wannan sanin Allah ne. In sun zo dai, za su tarar da shekarunsa a rubuce, ba wanda zai sunkuyar da kai.