Rariya Ta Girmi Famfo

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san cewa ruwa baƙo ne mai hali biyu. Idan ya shigo a tulu ko guga, alheri ne. Idan kuwa ya kwana a gindin katanga, to ya zama ɓarawon da ba ya jin kunyar mai gida. Magabatanmu sun fahimci haka, shi ya sa magini ba ya ɗora tubali sai ya duba inda ƙasa ta karkata, ya huda rariya a ƙasan katanga domin ruwan tsakar gida ya sami mafita, sannan ya kafa indararo a kan soro don ya watsa ruwan sama nesa da bango. Wato tun kafin a yi maganar yadda ruwa zai shigo, an gama shawarar inda zai fita.

Famfo kuwa daga baya ya zo. Sabon Garin Zariya ya kafu ne albarkacin layin dogon da ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. Samaru kuma ta soma bunƙasa da tashar binciken aikin gona ta 1922, ta ƙara cika bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. An gina matatar ruwan Zariya ta farko a 1939, aka ƙara wata a kogin Galma a 1975. Sannu a hankali aka riƙa jan bututu zuwa gidajen da aka gina su don rijiya, aka fasa bango aka cusa ƙarfe, amma rariyar da aka huda don ruwan guga biyar tana nan yadda take. A ganinmu, yawancin matsalolin ruwa a tsofaffin gidajen Bomo da Basawa da Hayin Dogo da Muciya daga nan suka samo asali: an faɗaɗa ƙofar shiga, ba a taɓa ƙofar fita ba.

Mu fara da bututun kansa. Na dā na ƙarfe ne, kuma ƙarfe daga ciki yake tsufa. Tsatsa takan taru ta matse hanyar ruwa, sai a ga famfon maƙwabci yana kwarara, na gidan nan kuwa kamar hawaye, ruwan farko kuma ya fito ja. Daga nan sai mahaɗa ta soma yoyo. Idan yoyon a fili yake, da sauƙi. Abin tsoro shi ne wanda ke cikin bango, domin laka ba ta ƙara, shanyewa kawai take yi. Alamarsa ita ce danshi a bango da rani tsaka, ko yaɓen siminti ya kumbura yana ɓanɓarewa, ko gara ta tare a wuri ɗaya. Bangon da ya sha ruwa tun rani, shi ruwan watan Agusta kan kayar, wani lokaci a kan masu barci.

Sai bututun da ke bin kwata kafin ya shiga gida, wanda ko'ina aka duba a lungunan Sabon Gari za a gan shi, an ɗaure inda ya fashe da robar cikin tayar keke. Muddin akwai ruwa a ciki, waje yake feshi. Amma da zarar an ɗauke ruwa, bututun ya koma zuƙa, ƙazantar kwata ta shiga ta wannan kafar, ta jira ranar da za a kawo ruwa ta wuce cikin randa. Mu da muke kiran sunayen ɗalibai kowace safiya, mun san yadda kujeru kan zama wayam da damina saboda amai da gudawa ko zazzaɓin taifot. Haka zancen rijiya da masai yake. Masana lafiya sun fi son a bar tazarar mita 30 tsakaninsu, amma gidan gado da aka raba tsakanin magada, kowa ya haƙa sokawe a kasonsa, ina zai sami wannan fili?

Akwai kuma ƙaramin abu da ake rainawa, wato 'yar robar da ke cikin kan famfo. Idan ta cinye, sai ɗigo. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yakan kai kusan lita 30 a kwana, ya zarce jarkar da muke saye a wurin 'yan garuwa. Kuɗin robar bai taka kara ya karya ba, amma sai a shekara ana ɗaure kan famfo da tsumma.

Gidan hayar da muka zauna a Samaru farkon kama aikinmu, iyali shida ne a kan famfo ɗaya. Ruwa da tsakar dare yake zuwa, don haka akan bar famfo a buɗe da bokiti a ƙasa, gari ya waye tsakar gida ta zama tafki, mata su yi ta cacar baki a kan wanda ya toshe rariya da tsakin wanke-wanke. Mai gida ya ce aikin 'yan haya ne, 'yan haya suka ce ai gidan ba nasu ba ne. Da katangar bayan gida ta tsage, aka kira wani dattijon magini. Ya zagaya, ya tsuguna ya danna gindin bangon da yatsa, sannan ya dube mu ya ce, "Malam, wannan ba aikina ba ne tukuna. Ku nemo mai gyaran famfo da tsintsiya. In na yaɓe yau, baɗi ma sai kun kira ni." Daga ranar muka kafa asusu, kowane ɗaki da abin da zai bayar a wata, muka kuma raba kwanakin yashe rariya. Faɗan matan ma sai ya lafa.

A 2017 an buɗe sabuwar matatar ruwa a Zariya mai iya tace lita miliyan 150 a kwana. Abin farin ciki ne, sai dai aikin hukuma a bakin ƙofa yake tsayawa. Duk ranar da ruwa ya zo da ƙarfi, tsohon bututu ne ke fara tona asirin kansa. Haka nan masu burtsatse da tanki, yawan ruwa ba ya hana bango jiƙewa, ƙara masa yake yi.

Don haka muke kira ga 'yan'uwa magidanta da a dawo da al'adar iyayenmu ta zagaya gida kafin saukar damina, sai dai yanzu a haɗa da famfo. A shafa bango a ji ko da danshi. A ɗaga bututu daga kwata, a musanya ruɓaɓɓen ƙarfe da na roba, a binne shi don kada rana ta gasa shi ya tsage. A sa makulli a inda ruwa ke shigowa gida, a nuna wa uwargida da yara wurinsa. A ɗaga bakin rijiya a rufe ta. Sama da duka, a faɗaɗa rariya daidai da ruwan da ke shigowa, a kuma tabbatar ba gindin katangar maƙwabci take zuba ba, domin shi ma yana da haƙƙi a kanmu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Allah Ya tsare mana gidajenmu da waɗanda ke kwana a cikinsu, amin.