Murhu Ɗaya a Gindin Duwatsun Shere

Akwai wani dattijo mai zanen gine-gine a Gada Biyu, cikin Jos, wanda aka roƙa ya zana zauren shaƙatawa na wani sansanin matasa a gindin Duwatsun Shere. Masu aikin sun so ɗakuna biyu, watau yaran Musulmi nan, na Kirista can. Bai ga laifinsu ba, domin tun rikicin Satumba 2001 unguwannin Jos suka rarrabu, kuma yana gida ran 24 ga Disamba 2010 da bam ya tashi a Kabong, dab da shi.

To, bai ja su da gardamar addini ba, sai ya kawo zancen sanyi. Ya ce, "Ranku ya daɗe, a garin da ke kimanin mita 1,200 bisa teku, wa zai sayi itacen murhu biyu da hunturu?"

Ya zana zaure ɗaya kewayayye, bangon dutse, murhu a tsakiya, ƙofa tana duban yamma, saboda iskar hunturu da hadarin damina duka ta wajen gabas suke bugowa.

Kwana uku ana shawara. Daga bisani ya yarda da ƙofa ta biyu, 'yar ƙarama, saboda gobara. Zanen yana hannun ma'aji, ana jiran kuɗin siminti.