Na'urar da Na Saya da Kuɗin Karatun Yara

A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinariya a tsakar gida. Yara sama da 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake ɓullowa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Duk mai koyar da kimiyyar sinadarai a Arewa ya ji zafin wannan, domin awon dalma a ƙasa da ruwa aikinmu ne. A sashenmu kuwa ba mu da abin awon. Ɗalibi in ya ɗebo ruwan rijiya sai ya jera kwalabe a kwali, ya shiga mota zuwa wata jami'a, ya biya kuɗi, ya bi layi.

Ana cikin haka wani attajiri, wanda bai taɓa zama a ajin boko ba, ya ba tsangayarmu gudummawa mai tsoka. Takardarsa gajera ce: a taimaki 'ya'yan talakawa su gama karatu, abin da ya rage a yi bincike da shi. Aka kafa kwamiti, aka ɗora ni a kai.

A zaman farko na kawo shawarar a sayi na'urar awon ƙarafa masu guba. Na ce tallafin karatu shekara ɗaya ya ƙare, na'ura kuwa tana nan. Na ce za mu riƙa yi wa mutanen waje awo su biya, da ribar mu ɗauki nauyin ɗalibai har bayan ranmu. Wata abokiyar aiki ta tunatar da ni cewa irin wannan saye na TETFund ne, asusun da dokar 2011 ta kafa da harajin kamfanoni don manyan makarantu. Na ce takardunsu na cin lokaci. Akwai abin da ban faɗa ba a zaman: ina neman ƙarin girma, kuma da na'urar a ƙofar ofishina zan fitar da maƙalu cikin sauƙi. Na fi kowa iya magana a ɗakin, sai aka bi ni. Kaso mafi tsoka ya tafi ga na'ura, ragowar ga ɗalibai. Jerin sunayen ɗaliban da aka tantance na ɗauko, na ja layi da biro a tsakiya.

Saye ya tafi bisa ƙa'ida. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 muka bi, 'yan kwangila suka kawo farashi, muka zaɓi mafi sauƙi. Ban tsaya na tambayi abin da ya sa nasa ya fi sauƙi ba. Kuma ban kira Baba ba, dattijon da ke kula da ɗakin gwaje-gwajenmu tun ina ɗalibi, don a ganina saye maganar malamai ce.

Ranar da akwatin ya iso daga Legas aka taru ana hotuna. Baba ya ja gefe da takardar kayan, ya sa tabarau, yana bin ta layi-layi da yatsa. Da jama'a suka watse ya ce, "Dakta, ina fitilar dalma?"

Na'urar tana ƙona ruwan da ake gwadawa a harshen wuta na gas ɗin asetilin da iska, sai ta haska shi da wata fitila ta auna hasken da aka zuƙe. Kowane ƙarfe da fitilarsa. Wannan na koyar da shi a aji shekara da shekaru. Amma ta dalma, wadda dominta na yi duk wannan faɗi-tashi, ba ta cikin takardar. Babu tukunyar gas, babu injin hura iska, babu bututun fitar da hayaki, babu abin daidaita wuta, ga shi wutar ɗakin tana zuwa tana ɗaukewa. Kuɗin injiniyan da zai haɗa ta ya horar da mai aiki ma daban ne. Na sayi doki ban tanadi harawa ba, kuma asusun ya riga ya ƙare.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya naɗe takardar ya miƙo mini, ya ce, "Da ka tambaye ni, da na gaya maka."

Ko a lokacin ban gama fahimtar girman abin ba. Ina ganin matsalar kayan haɗi ce da za a warware. Sai da wata ɗaliba 'yar aji uku ta yi sallama a ofishina. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Malam, ko akwai jerin sunaye na biyu?" Mahaifinta ya rasu, an kusa rufe rajista. Na buɗe fayil, sunanta na nan ƙarƙashin layin da na ja, da rubutuna a gefe. Na ce mata za a duba, alhali na san babu abin dubawa. Kuɗin rajistarta na cikin akwatin katako a ɗakin da ke kusa da mu. Ta yi godiya ta fita, ta jingine karatu a shekarar.

Na daɗe ina kare kaina da cewa ban ci ko kwabo ba. Gaskiya ne, kuma wannan gaskiyar ce ta rufe mini ido. Na ɗauka amana ta tsaya ga kada hannunka ya shiga kuɗin. Mai kuɗi ya sa yara a gaba, bincike a baya. Ni na juya maganarsa ba tare da na koma na nemi izininsa ba, na kuma kira son raina hangen nesa. Kowane mai ilimi da aka damƙa wa dukiyar wani yana iya jin ya fi mai ita sanin inda ta dace, kuma hujjojinsa za su yi daɗin ji kamar yadda nawa suka yi.

Garantin na'urar ya ƙare tana cikin akwati. Da darajar naira ta faɗi a 2023, farashin fitilu da gas ya ƙara yin nisa. Na je wurin Alhajin da ya ba da gudummawar da kaina na zayyana masa komai. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaya, "Yara nawa suka gama?" Na faɗa masa, na faɗi waɗanda aka bari. Ya karɓi sunayen, ya aika yaronsa ya biya musu rajista kai tsaye a banki. Tun daga ranar bai sake ba tsangayarmu komai ba.